Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina: A Ceto Takardu da Hotunan Tsofaffin Jiragen Soja da Ke Gidajenmu

Mai girma Shugaban Hukuma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ranka ya daɗe, mu masu wannan wasiƙa 'ya'yan Katsina da Daura ne. A cikinmu akwai waɗanda suka yi aikin gyaran jirgin sama har suka yi ritaya, akwai ma'aikatan ɗakin karatu, akwai masu sana'ar hoto. Buƙatarmu guda ce. Muna roƙon Hukumar ta ware ɗaki ɗaya da ma'aikata biyu don karɓar aron littattafai, rahotanni da hotunan tsofaffin jiragen soja da ke hannun iyalai a jihar nan, a kwafe su, a mayar wa masu su, sannan a buɗe kwafin ga ɗalibai da masu bincike bayan Rundunar Sojan Sama ta duba abin da ya halatta a fitar. Mun sa wasiƙar a fili ne don magada su ma su karanta, tunda kayan a ɗakunansu suke.

Wani zai ce ina ruwan Katsina da tarihin jirgin yaƙi. Jiragen farko da suka sauka a ƙasar nan na soja ne, kuma a maƙwabta suka sauka: guda uku samfurin DH.9A na sojan saman Ingila, ƙarƙashin Arthur Coningham, da suka taso daga Helwan ta Masar suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925. Lokacin yaƙin Hitila, daga Satumba 1940, ana kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi da ke Ghana ta yau, a harhaɗa su, a tuƙo su ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena ta yau) da Khartoum har Masar, kuma sama da jirage dubu biyar suka bi wannan hanya. Akwai ma runduna ta 91 a sojan saman Ingila da aka laƙaba wa sunan Nijeriya saboda gudummawar kuɗin yaƙi da aka tara a ƙasar nan. Kakanninmu da suka je yaƙin Bama kuwa sun san jirgi fiye da yadda ake zato, domin runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, a kwarin Kaladan, ta sama ake jefo mata abinci da harsashi, galibi daga jirgin Dakota.

Da aka kafa Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya a 1964, da taimakon Jamus ta Yamma, aka fara da ƙananan jirage irin Piaggio P.149D da Dornier 27. Yaƙin basasa ya kawo MiG-15, MiG-17, L-29 da Il-28 daga 1967. Daga baya aka samu MiG-21 da C-130 a tsakiyar shekarun 1970, sai Alpha Jet, Jaguar da L-39 a shekarun 1980. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya zo da tarin littattafansa, kuma 'ya'yan jihar nan da suka yi aiki a Kaduna, Kano, Makurɗi da Kainji, ko aka tura su kwas ƙasashen waje, sun dawo gida da littattafan darasi, takardun shaida, littafin lissafin tashi da hotuna. Waɗanda suka shiga aiki a 1964 suna da shekara ashirin, yau sun haura tamanin.

Yadda kayan ke salwanta kowa ya sani. Idan tsoho ya rasu aka zo rabon gado, gida da gona da mota ake lissafawa. Adakar takardu ba ta shiga lissafi. Sai a tura ta ɗakin shirgi, gara ta shiga ta ƙasa, ruwan damina ya shiga ta sama, abin da ya rage kuma yara su sayar wa mai tsire ko mai ƙosai. Ba mugunta ba ce. Wanda ya buɗe littafi ya ga zanen bututun mai da rubutun Jamusanci ko Rashanci, ba shi da dalilin ɗaukarsa da muhimmanci sai an faɗa masa.

Abu na farko da muke so Hukumar ta tsaya a kai shi ne aro, ba ƙwace ba, ba kuma saye ba. Idan aka ce gwamnati na karɓar takardun soja, mutane za su ɓoye, wasu ma su ƙona don tsoro. Idan aka ce ana saye, 'yan kasuwa za su shigo, su yayyage albam su sayar da hoto ɗaya-ɗaya, bayanin da ke haɗa hotunan ya tafi. Hanyar da ke aiki ita ce mai kaya ya zo da kayansa, a ƙirga shafuka da hotuna a gabansa, a rubuta rasit biyu da sa hannun kowa, a sa ranar mayarwa wadda ba ta wuce mako biyu zuwa uku ba idan babu ƙwari a ciki. Ranar mayarwa a ba shi kayansa cikin sabon fayil, tare da kwafi a filash. Gida ɗaya da aka cika wa alkawari zai jawo na kusa da shi. Wanda ya ga dama ya bar wa Hukumar kyauta, sai a yi takarda dabam. A nan ne Masarautun Katsina da Daura za su taimaka ƙwarai, domin saƙon da ya bi ta hakimi da dagaci da mai unguwa ya fi sanarwar rediyo kwantar wa mutane hankali, haka ma wanda ya bi ta ƙungiyar tsofaffin sojoji.

Kada kayan da suka shigo su je kai tsaye kusa da sauran takardun Hukumar. A ajiye su a keɓe, cikin leda mai kauri da aka rufe, a kan farar takarda, a duba ko akwai gari-gari ko ƙananan ramuka. In an ga alamar gara, asu ko ƙwaron littafi, maganin da ba ya ɓata takarda shi ne sanyi: a matse iskar ledar, a rufe ruf, a sa cikin firiza mai kaiwa digiri 20 ƙasa da sifili, a bar shi aƙalla mako ɗaya ba tare da yankewa ba. Da an fito da shi kada a buɗe ledar sai ya kwana, don raɓar ta taru a bayan leda maimakon kan takarda. Wannan na buƙatar firiza mai sola, domin in wuta ta ɗauke kwana biyu a tsakiya, ƙwan ƙwarin ba ya mutuwa, an kuma jiƙa takardar a banza. Fiya-fiya, kananzir da maganin sauro na fesawa duk suna barin tabon mai, suna kuma cutar da wanda zai riƙa buɗe littafin daga baya. Takardar da ta yi fumfuna, a bar ta ta bushe a inuwa inda iska ke ratsawa, sannan a kaɗe da burushi mai laushi a waje, da takunkumi a fuska. Shanya a rana, wanda shi ne abin da kowa ke fara tunani, yana sa takarda ta yi ja ta nannaɗe, hoto kuma ya koɗe.

Yanayinmu yana kai hari ta fuska biyu. A watan Agusta laima kan haura kashi 65 cikin ɗari, inda fumfuna ke fara tsiro. Da hunturu kuma iska kan bushe har ƙasa da kashi 20, takarda ta yi ƙaƙas, manne ya saki. Abin da ake nema shi ne tsakanin kashi 30 zuwa 50, kuma rashin hawa da sauka ya fi lambar kanta muhimmanci. Saboda haka na'urar sanyaya ɗaki da za a kunna ƙarfe takwas a kashe ƙarfe huɗu ta fi rashinta illa. Gara a zaɓi ɗaki na tsakiya, mai kaurin bango, wanda rana ba ta dukansa da yamma, rufinsa ba ya yoyo, a sa kantoci na ƙarfe da suka ɗaga daga ƙasa santimita 15 kuma ba su jingina da bango ba. A rataye ƙaramin ma'aunin laima da zafi, a riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Cikin shekara guda wannan littafin zai nuna watannin da ya kamata a ƙara rufe akwatuna.

Littafin jagorar jirgi ba kamar sauran littattafai yake ba, kuma a nan ne ma'aikacin da bai sani ba ke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Yawancinsu ba ɗinkakku ba ne. Shafuka ne a cikin bango mai zobe ko igiya, an yi su haka ne don a riƙa cire tsohon shafi ana sa sabo duk lokacin da masana'anta ta aiko da gyara. A na Ingila, waɗanda lambarsu ke farawa da AP, akwai shafi a gaba da ake rubuta lambar kowane gyara da ranar da aka saka shi da sa hannun wanda ya saka. A na Amurka, masu farawa da T.O., akwai jerin da ke faɗin shafukan da ya kamata a samu a ciki da lambar canjin kowanne. Ma'anar wannan ita ce kwafi biyu na littafi ɗaya ba lallai su zama iri ɗaya ba: wani ya tsaya a gyara na 6, wani ya kai na 19, kuma bambancin na iya zama iyakar zafin inji ko ƙarfin ɗaure noti. Don haka kada a ce muna da irinsa a mayar da na biyu ba a kwafa ba. Kada kuma a sake jera shafuka don su yi kyau. Yadda aka same shi haka za a kwafe shi, da shafin gyare-gyaren, da shafukan da aka rubuta an bar su fari da gangan, da 'yan takardun da aka soke a tsakiya. Kafin a fara, a gwada shafukan da jerin da ke gaba, a rubuta waɗanda babu.

Abin da ya fi daraja a wurinmu ma ba bugun masana'anta ba ne, tunda ana iya samun irinsa a gidajen tarihi na Turai. Rubutun hannun da makaniki ya yi a gefen shafi shi ne babu a ko'ina: yadda ya rage tazarar wanke matatar iska saboda ƙurar hunturu, ko fassarar da ya yi wa kalmar Rashanci da fensir, ko lambar wani kayan gyara da aka musanya da wani. Wannan ne ya sa muke cewa a kwafa da launi ko da shafin baƙi da fari ne. Kwafin baƙi da fari zalla yana shafe fensir, yana kuma mayar da jan layi da shuɗi na zanen waya da na bututun haidurolik abu ɗaya, alhali launin ne ke bambanta layin matsi da na komawa.

Manyan zanuka da ake naɗewa cikin littafi su ne suka fi yagewa, kullum a kan layin naɗi. Kada a buɗe su da ƙarfi cikin hunturu. A shimfiɗa kan babban tebur, mutum biyu, ɗaya na tallafe da kwali a ƙasa. Zanen da ya fito shuɗi ko ruwan hoda-hoda a kan takarda mai warin sinadari ba ya son haske ko kaɗan, a kwafe shi a rufe nan take. Takardar na'urar fax ta shekarun 1980 da 1990, mai santsin nan, rubutunta ɓacewa yake yi da kansa, saboda haka ita ake fara kwafa kafin komai. Ƙusar sitefula da kilif da suka yi tsatsa a ɗaga ƙafafunsu ta baya da siririn ƙarfe mai faɗi, kada a fizge. Robar ɗaure kuɗi a yanke ta. Salatef kuwa kada ya shigo ɗakin ma, domin mannensa na ratsa takarda ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Mafi muni shi ne laminatin. Mutane na kai takardar shaidar mahaifinsu a liƙe ta da leda mai zafi suna ganin sun adana ta, alhali ba a iya cire ta kuma, zafin ma kan baƙanta wasu takardun gaba ɗaya.

Wajen kwafa, shafin rubutu da zane a ɗauke shi a ɗigo 300 zuwa 400 a kowane inci, hoto a ɗigo 600, ƙaramin nagetif mai milimita 35 kuma daga 2400 zuwa sama. Kada a sa tsohuwar takarda a sikana mai jan takarda da kanta, irin ta shagon kwafi, domin ramukan zobe da suka yage nan take suke maƙalewa. Sikana mai gilashi ta A3 ta isa ga sakakkun shafuka da hotuna. Ɗinkakken littafi kuma, kamar littafin lissafin tashi, kada a kife shi a danne, ƙashin bayansa zai karye. A ɗora shi a kan matashi ya buɗe kamar digiri 100 zuwa 120, a ɗauka da kyamara daga sama a kan maƙali, da fitila biyu hagu da dama a karkace digiri 45 don kada haske ya dawo cikin idon kyamara. A ajiye ƙaramar rula a gefen hoton farko don a san girman asali.

Kwafin asali a ajiye shi a tsarin TIFF, nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto, ba tare da an taɓa shi ba, ba gyaran launi, ba goge tabo. Daga shi ake fitar da PDF na karatu da JPEG na rabawa. A yi lissafin wuri tun farko: shafin A4 mai launi a ɗigo 300 yana cin kusan megabait 26, wato littafi mai shafi 500 zai ci gigabait 13, faifan ajiya mai terabait 2 kuma zai ɗauki irinsa kamar 150. Kwafi uku ake yi, biyu a faifai dabam-dabam, na uku a wani gini, misali ɗakin karatu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Gidan Arewa a Kaduna, in sun amince. Filash da katin waya ba ma'ajiya ba ne, na kai saƙo ne. A fitar wa kowane fayil lambar tantancewa irin SHA-256 ranar da aka yi shi, a sake gwadawa duk shekara, domin faifai na iya lalata fayil shiru ba tare da ya nuna alama ba. Sunan fayil kuma ya zama lamba mai tsari, kamar KT-0007-02-015, wato gida na 7, kaya na 2, shafi na 15, a rubuta cikakken bayaninsa a rajista. Fayil dubu masu suna irin wanda kyamara ke bayarwa daidai suke da babu.

Hoto kuwa rabin darajarsa a bayansa take. A kwafi gaba da baya, saboda tambarin situdiyo, kwanan wata da sunayen da aka rubuta. In za a ƙara rubutu, da fensir mai laushi a gefe, ba biro ba, domin biro na hudowa ta gaba. Takarda ana taɓa ta da wankakken hannu busasshe, amma hoto da nagetif sai da safar hannu ta roba marar hoda. Hoton da ya manne da gilashin firam kada a ɓamɓare, a kwafe shi ta cikin gilashin. Albam mai shafi mai danƙo da leda a sama, wanda aka yi yayi a shekarun 1970 da 1980, a ɗauki kowane shafi yadda yake kafin a yi tunanin cire komai, tunda jerin da mai shi ya yi ma labari ne. Hotuna masu launi na wancan zamani da suka koma ja, launin shuɗi ne ya gudu, kuma ba ya tsayawa, don haka su ma suna sahun gaba.

Nagetif na da nasa haɗarin. Wanda aka yi kafin farkon shekarun 1950 na iya zama na naitiret, mai kamawa da wuta cikin sauƙi, kuma in ya kama ruwa ba ya kashe shi da daɗi. A duba gefen fim ɗin, wani an rubuta NITRATE, wani SAFETY. Na farkon a raba shi da takardu gaba ɗaya, a wuri mai sanyi, ba cikin rufaffen gwangwani a ɗaki mai zafi ba. Wanda ke warin ruwan khal (vinegar) kuma ya fara ruɓewa ne, tururinsa na harbin na kusa da shi, a ware shi a kwafe da wuri. Tunda maganar haɗari ake, wasu za su kawo agogon ma'auni da aka ciro daga gaban matuƙi. Na zamanin yaƙin duniya da ɗan bayansa da yawa an shafa wa lambobinsu fenti mai radiyom don su yi haske da dare. Kada a buɗe gilashinsa, kada a kankare, a sa a leda a ajiye nesa da teburin aiki. Duk abin da ya yi kama da harsashi kuwa ba na wannan ɗaki ba ne, a sanar da soja.

Sai tantance abin da ke cikin hoto, inda kuskure ya fi yawa a Facebook. Kowane jirgi mai buɗaɗɗen hanci sai a ce MiG-21 ne. MiG-15 na da 'yan katangu biyu a saman kowane fiffike, MiG-17 na da uku. MiG-21 fiffikensa kusurwa uku ne miƙaƙƙe, F-7 na China da aka kawo daga baya kuma gefen fiffikensa a karye yake. L-29 jelarsa a can sama take kamar harafin T, ta L-39 a ƙasa take, da tankuna a bakin fiffike. Amma hujja mafi ƙarfi ita ce lambar da ke jikin jirgin, haruffan NAF, wato gajeren sunan Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya da Turanci, da lambobi uku. Da ita ake haɗa hoto da littafin lissafin tashi, inda matuƙi ke rubuta kwanan wata, samfurin jirgi, lambarsa, aikin da aka je da awoyin rana da na dare. Misali, duk hoton C-130 mai lamba NAF 911 an ɗauke shi ne kafin 26 ga Satumba 1992, ranar da ya faɗi a Ejigbo ta Ikko da hafsoshi sama da 150. Abin da ba a tabbatar ba a rubuta a rajista cewa zato ne, da sunan wanda ya yi zaton. In mai hoton na raye, a zauna da shi a naɗi muryarsa yana nuna fuskoki ɗaya bayan ɗaya. In ya rasu, a tambayi uwargidansa, da ma'aikaciya mace in gidan na kulle ne. Matan da suka zauna a bariki sukan riƙe sunayen abokan aikin mazajensu da garuruwansu fiye da 'ya'ya.

Ranka ya daɗe, mun san inda hankalinka zai tafi, kuma da gaskiyarka. Jihar nan na fama da 'yan bindiga, jiragen soja na aiki a samanta, kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 na nan daram. Shi ya sa muke roƙon Hukumar ta rubuta wa Rundunar Sojan Sama tun kafin a karɓi takarda ko ɗaya, ta nemi a ba ta jami'i guda mai duba kaya. Ma'aunin kada ya zama tsufan takarda kawai. Alpha Jet ya haura shekara arba'in a ƙasar nan kuma har yanzu yana aiki, haka C-130 da L-39, don haka littattafansu ba na fitarwa ba ne komai tsufansu. Piaggio, Dornier 27, MiG-17, Il-28, L-29 da Jaguar kuwa sun daɗe da barin aiki a nan. Ko a cikinsu, babin makamai, mitar rediyo da taswirar sansanin da ake amfani da shi yau a bar wa jami'in ya yanke hukunci. Takarda mai tambarin RESTRICTED ko SECRET ba ma'aikacin Hukuma ne zai cire mata tambari ba, ko da ta shekara hamsin. Kuma a faɗa wa iyalai a rubuce, da yawun rundunar, cewa wanda ya kawo kayan mahaifinsa don a duba ba mai laifi ba ne. In babu wannan tabbaci, babu wanda zai buɗe adaka.

Akwai sirrin iyali ma. Lambar aiki, takardun fansho, na asibiti da na ladabtarwa kada su hau intanet, saboda 'yan damfara da kuma mutuncin mamaci. Rahoton haɗarin jirgi da ke ɗora laifi a kan wani mai suna, a bar shi a ɗakin karatu ga mai bincike da ya cika fom. Takardar aro ta ƙunshi zaɓi uku da mai kaya zai sa wa hannu: a buɗe ga kowa, a buɗe a ɗakin karatu kawai, ko a rufe zuwa wasu shekaru.

Abin da aka amince a raba, a raba shi da kyau. Kada a buga ƙaton tambari a tsakiyar hoto har ya rufe lambar jirgi. A sa lambar rajista da sunan gidan da ya bayar a ƙasa, da bayani cikin Hausa da Turanci. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto raguwa yake yi, bayanan da ke cikinsa su goge, don haka a tura shi a matsayin fayil. A bi PDF da manhajar gane rubutu don a iya neman kalma a ciki, amma a sani tana yawan rikita sifili da harafin O, da 1 da harafin I, wanda a lambar kayan gyara ba ƙaramin kuskure ba ne. Lambobin da ke kan bango da na rajista da hannu za a shigar. A kuma rubuta a shafin farko cewa kwafin na tarihi ne, ba na gyaran jirgi ba.

Abin da gidaje suka bayar zai fi amfani in an haɗa shi da na ma'ajiyoyi. A Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin Lardin Katsina ƙarƙashin KATPROF, nan ne za a nemi wasiƙun Razdan kan filin saukar jirgi da kuɗin taimakon yaƙi. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara a Janairu 1939, za su nuna yadda aka ba Hausawa labarin yaƙin sama da harshensu. A Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kew ta Ingila, jerin fayilolin AIR 27 na ɗauke da littattafan aikin yau da kullum na rundunonin sojan samansu. Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia kuma na da wasu jiragen yaƙin basasa a tsaye, ga wanda ke son gwada hoto da ainihin jirgi.

Kayan farawa ba su da yawa: sikana ta A3 mai iya ɗaukar nagetif, kyamara da maƙalinta da fitila biyu, kwamfuta ɗaya, faifan ajiya uku, firiza da sola, kantocin ƙarfe, akwatuna da fayiloli marasa asid, ma'aunin laima, da rajista. Muna ba da shawarar a gwada da gida goma, biyar a Katsina biyar a Daura, a fara da waɗanda masu kayan ke raye, a fara kuma bayan ɗaukewar ruwa kafin hunturu ya yi tsanani, lokacin da takarda ba ta jiƙe ba kuma ba ta yi ƙaƙas ba. In gwajin ya yi kyau, sai a nemi Gidan Tarihi na Ƙasa da ke tsohuwar Kwalejin Katsina ya ba da bango ɗaya a baje kwafin hotunan, asalin kuma ya koma gidajen masu shi. Masu gyaran jirgi da masu hoto da ke cikinmu a shirye suke su zauna da ma'aikatan da za ka zaɓa, su koya musu karanta shafin gyare-gyare da saita kyamara, ba tare da an biya su ba. Muna jiran Hukumar ta sa rana.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya, ya yi riƙo da hannunsa. Wassalam.

Naka,
Wasu tsofaffin ma'aikatan jirgin sama, ma'aikatan ɗakin karatu da masu hoto,
Katsina da Daura